Yadda ake bin diddigin tarihin ƙungiyar kiɗa da sauye-sauyen mambobinta: misalin Stryper

Duk wanda ya zauna domin rubuta tarihin wata ƙungiyar kiɗan metal (wani nau'in kiɗan rok mai ƙarfin amo) ta Amurka zai tarar cewa tambayar da ta fi kama da mai sauƙi, wato su wane ne mambobin ƙungiyar a shekara kaza, ita ce take fi cin lokaci. Dalili kuwa shi ne fuskokin da ake gani a bangon faifai, da hannayen da suka yi kiɗan a sutudiyo, da mutanen da suka hau dandamali a lokacin rangadi, ba kullum suke zama mutane ɗaya ba. Wannan bayani zai nuna hanyar da ake bi a warware irin wannan sarƙaƙiya, kuma zai yi amfani da Stryper, ƙungiyar Kiristoci masu kiɗan metal daga kudancin jihar Kalifoniya, domin tarihinta ya haura shekara arba'in, ya ƙunshi ɗaukaka da rushewa da sake haɗuwa, kuma kusan duk tarkon da mai bincike zai iya faɗawa yana cikinsa.

Kafin a shiga aikin, yana da kyau mai karatu ya riƙe bambanci ɗaya a zuciyarsa. A tsarin makaɗan gargajiya da muka saba da shi, sunan uban kiɗi ne yake ɗauke da ƙungiya, 'yan amshi da makaɗa suna iya zuwa su tafi ba tare da wani ya ce ƙungiya ta sake ba. A tsarin kiɗan rok da metal kuwa sunan na ƙungiya ne baki ɗaya, kuma masu sauraro suna ƙirga kowane gurbi: mai rera waƙa, mai jita, mai jitar bas mai tsirkiya huɗu da kaurin murya, da mai ganguna. Idan mutum ɗaya ya fita, magoya baya sukan ɗauki abin a matsayin sabon babi, shi ya sa ake rubuta tarihin irin waɗannan ƙungiyoyi gurbi-gurbi.

A fara da tsayar da mafari

Abu na farko shi ne a tsayar da shekarar da za a fara ƙirge daga gare ta, a kuma faɗa wa mai karatu dalilin zaɓenta. Ƙungiyoyi ba safai suke da ranar haihuwa guda ɗaya ba. Michael Sweet da yayansa Robert Sweet sun daɗe suna kiɗa tare tun suna samari, Michael yana rera waƙa yana kaɗa jita, Robert yana kan ganguna, kuma kafin a san su da sunan Stryper suna amsa sunan Roxx Regime ne, suna wasa a gidajen rawa na yankin Los Anjelis. Oz Fox ya shigo a matsayin mai jita, Tim Gaines kuma ya karɓi jitar bas, kuma yawancin masu rubutu suna ɗaukar 1983 a matsayin shekarar da waɗannan huɗu suka haɗu. Sai dai faifansu na farko, The Yellow and Black Attack, ya fito ne a 1984 ta hannun kamfanin Enigma, kuma ita kanta ƙungiyar daga wannan shekara ta ƙirga lokacin da ta yi rangadin cika shekara 25 a 2009, da na cika shekara 40 a 2024. Saboda haka wanda ya rubuta 1983 bai yi kuskure ba, wanda ya rubuta 1984 ma bai yi ba, muddin kowannensu ya bayyana ko haɗuwar mutanen yake nufi ko fitowar faifai.

Haka nan kada a yi watsi da zamanin tsohon suna. Waƙoƙin gwaji da suka ɗauka suna Roxx Regime an fitar da su a kasuwa a 2007, don haka mai bincike da ya ga wannan shekara a jikin faifan yana iya ɗauka sabon aiki ne, alhali kuwa kiɗan ya girmi ranar fitowarsa da fiye da shekara ashirin. Ƙa'idar a nan ita ce a rubuta shekaru biyu ga kowane kundi idan sun bambanta, shekarar ɗauka da shekarar fitowa. Shi ma faifan farko yana da irin wannan matsala: ya fito da waƙoƙi shida a 1984, sannan aka sake buga shi a 1986 da ƙarin waƙoƙi biyu bayan ƙungiyar ta yi suna, don haka kwafin da ya faɗo hannun mutum ba lalle ne ya zama na asali ba.

Sunan ma yana buƙatar bayani, domin a ƙungiyar da ta ɗaura kiɗanta a kan addini suna wani ɓangare ne na saƙo. An samo Stryper ne daga littafin Ishaya, sura ta 53 aya ta 5, inda tsohuwar fassarar Turanci ta yi amfani da kalmar da ke nufin shatin bulala, a ayar da Kiristoci suke fassarawa da cewa ta raunukan Almasihu aka sami waraka. Kalmar kuma tana nufin zane mai ratsi-ratsi, abin da ya dace da ratsin rawaya da baƙi da suka yi wa tufafinsu da jitocinsu da gangunansu, sun kuma rubuta lambar ayar a ƙarƙashin tambarinsu. Mai rubuta tarihi ya lura da wannan ado sosai, domin a gaba zai zama masa kamar agogo: idan ya ga hoto babu kwanan wata, launin tufafin zai taimaka masa ya gane zamanin da aka ɗauke shi.

Jadawali mai shafi uku

Zuciyar aikin ita ce jadawali, kuma shawarata ita ce a zana shi a takarda kafin a rubuta ko jimla ɗaya ta labari. A jera shekaru daga sama zuwa ƙasa, a jera gurabe huɗu daga hagu zuwa dama, sannan a ƙarƙashin kowane gurbi a buɗe shafi uku: wanda yake mamba a hukumance, wanda ya yi kiɗan a sutudiyo, da wanda ya hau dandamali. Mafi yawan tarihin da ake karantawa a intanet shafi na farko kaɗai yake cikewa, daga nan ne kuma kurakurai suke yaɗuwa daga wannan rubutu zuwa wancan. Hanyar cike shafi na biyu ita ce karanta ƙananan rubutun da ke cikin takardar faifai, inda ake jera sunayen waɗanda suka yi aiki, da kulawa ta musamman ga sashen da ake ambaton makaɗan haya. Shafi na uku kuwa ana cike shi ne da bidiyon wasanni, da takardun tallar rangadi, da rahotannin mujallu na lokacin.

Idan aka yi wa Stryper wannan jadawali, abin da zai fara bayyana shi ne gurabe uku kusan ba su motsa ba. Michael Sweet, Robert Sweet da Oz Fox su ne dai a farko, su ne kuma a yau. Kusan duk sauyin da aka yi a gurbi ɗaya ya taru, wato na jitar bas, kuma a nan ne ya kamata mai bincike ya kashe mafi yawan lokacinsa.

Kundi na biyu, Soldiers Under Command, wanda Michael Wagener ya shirya kuma ya fito a 1985, ba shi da wata rikitarwa: mutum huɗun nan ne, kuma ya kai matsayin zinariya, wanda a ma'aunin Amurka yake nufin an sayar da kwafi dubu ɗari biyar. Rikitarwar ta fara ne da kundi na uku, To Hell with the Devil, na 1986, wanda shi ne mafi shahara a duk ayyukansu, ya haura kwafi miliyan ɗaya, ya sa aka ambace su cikin masu takarar lambar Grammy, kuma waƙarsa mai taushi, "Honestly", ta hau har mataki na 23 a jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe na mujallar Billboard. Duk wanda ya ga bidiyoyin wannan zamani a tashar MTV zai ga Tim Gaines riƙe da jitar bas, zai kuma ɗauka cewa shi ya kaɗa ta a faifan. Ba haka abin yake ba. A lokacin ɗaukar kundin Gaines ba ya cikin ƙungiyar, an kawo Matt Hurich na ɗan gajeren lokaci domin ya gaje shi, amma wanda aka ji kiɗansa a faifan makaɗin haya ne mai suna Brad Cobb, sannan Gaines ya dawo kafin a fita rangadi. Ga shekara ɗaya, gurbi ɗaya, sunaye uku, kuma kowanne yana da shafin da ya dace da shi a jadawalin. Wanda ba shi da shafi uku dole ya zaɓi suna ɗaya ya binne biyu.

Abin ya sake faruwa a kundi na gaba, In God We Trust, na 1988, wanda shi ma ya kai zinariya: Gaines mamba ne, shi ne a hotuna da dandamali, amma Brad Cobb ne ya sake kaɗa bas a sutudiyo. A nan akwai darasi game da yadda ake rubuta jimla. Kada a ce Gaines ya bar ƙungiyar a 1988, domin bai bar ta ba, kada kuma a ce Cobb ya shiga, domin bai taɓa zama mamba ba. Abin da ya dace a rubuta shi ne wane ya yi kiɗan a kundi kaza, wane kuma ya riƙe gurbin a rangadi. Masu kaɗa kibod ma haka lamarinsu yake, domin ana jin kibod a waƙoƙin Stryper masu taushi, amma makaɗan hayar da suka kaɗa shi ba su taɓa shiga cikin huɗun da ake ɗauka hoto ba, saboda haka wurinsu shi ne shafi na biyu da na uku.

Sauyin da ba na mutum ba

Akwai wani irin sauyi da jadawalin mambobi ba ya nunawa, kuma a ƙungiyar addini yana iya fin fitar mutum girgiza magoya baya. A 1990 Stryper ta fitar da Against the Law tare da Tom Werman a matsayin mai shiryawa. Mutanen huɗu ne dai na asali, amma ratsin rawaya da baƙi ya ɓace, baƙaƙen tufafin fata sun maye gurbinsa, an sake fasalin tambarin, kalaman waƙoƙin sun daina ambaton Allah a fili kamar da, har ma sun sake rera wata waƙa ta ƙungiyar Earth, Wind & Fire. Kundin bai yi kasuwa kamar waɗanda suka gabace shi ba. Ya kamata a buɗe wa irin wannan lamari wani layi a gefen jadawali, a riƙa rubuta kamfanin faifai, mai shiryawa, kamanni, da alkiblar saƙo, domin sau da yawa a wannan layi ne ake ganin hadarin da ya haɗu kafin ruwan rabuwa ya sauka.

A wannan layi ne kuma za a rubuta dangantakar ƙungiyar da majami'u, wadda ba ta taɓa zama lami lafiya ba. Stryper ta shahara da jefa wa 'yan kallo kwafin Littafi Mai Tsarki daga dandamali, abin da wasu suka yaba, wasu kuma suka ɗauka rashin girmamawa ne. Mai wa'azin talabijin Jimmy Swaggart, wanda ta hanyar kallon wa'azinsa ne iyalin Sweet suka rungumi bangaskiya tun farko, ya fito fili ya soki ƙungiyar da kiɗanta. Ko bangon To Hell with the Devil sai da aka sauya, aka janye zanen mala'iku huɗu masu dogon gashi suna jefa Iblis cikin wuta, aka sa baƙin bango mai ɗauke da tambari kawai. Ga mai bincike wannan yana da amfani biyu: yana nuna matsin da suke ciki daga ɓangaren masu addini da na 'yan metal a lokaci guda, yana kuma gargaɗinsa cewa bango biyu daban ba ya nufin kundi biyu.

Yadda ake rubuta rabuwa

Wurin da masu rubutu suka fi yin gaggawa shi ne ranar rushewa. Bayan kamfanin Enigma ya durƙushe, ƙungiyar ta koma Hollywood Records, wanda ya fitar da tarin zaɓaɓɓun waƙoƙinsu mai suna Can't Stop the Rock a 1991. A watan Fabrairun 1992 Michael Sweet ya fita domin ya ci gashin kansa. Mutane da yawa a nan suke rufe littafi, amma sauran ukun ba su tsaya ba: Oz Fox ya karɓi rera waƙa a kan jitar da yake kaɗawa, suka cika alkawuran wasanni a Turai su uku, har Dale Thompson na ƙungiyar Bride ya taɓa hawa dandamali tare da su a matsayin mai rera waƙa, kafin abin ya tsaya a 1993. Wannan ɗan tsakani bai bar wani kundin sutudiyo ba, shi ya sa ake mantawa da shi, amma shi kaɗai ne lokacin da gurbin mai rera waƙa ya sauya hannu a duk tarihin ƙungiyar, don haka barin sa a waje babban giɓi ne. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a rubuta ranaku biyu, ranar da jigon ƙungiyar ya fita da ranar da aka daina wasa da sunanta, a bar mai karatu ya ga tazarar da ke tsakani.

Shekarun da ƙungiya ba ta aiki su ma a cike su, amma a taƙaice. Michael Sweet ya fitar da kundinsa na kansa a 1994 a kamfanin Benson, ya kuma koma jihar Massachusetts da zama. Oz Fox da Tim Gaines sun kafa SinDizzy. Robert Sweet ya yi kiɗa a King James tare da Rex Carroll na ƙungiyar Whitecross. Amfanin bin waɗannan rassa shi ne a nan ake samun amsar tambayar da za ta taso daga baya, wato daga ina sabon mamba ya fito, domin ƙungiyoyi sukan ɗauki mutumin da ɗayansu ya riga ya yi aiki da shi.

Dawowa ma ba rana ɗaya ba ce. Sun haɗu a taron magoya baya da ake kira Stryper Expo a New Jersey a 2000, sun yi wasa a Kosta Rika a ƙarshen wannan shekara, amma waɗannan haɗuwa ce ta jefi-jefi. Cikakkiyar dawowa ita ce ta 2003, lokacin da Hollywood Records ya fitar da tarin 7: The Best of Stryper mai ɗauke da sababbin waƙoƙi biyu, ƙungiyar kuma ta fita rangadin da aka ɗauki kundin 7 Weeks: Live in America a cikinsa. Ma'aunin da zan ba da shawara a yi amfani da shi wajen bambance haɗuwar biki da dawowa ta gaskiya shi ne a duba ko an ɗauki sabuwar waƙa, a kuma duba ko an yi rangadi mai jerin garuruwa. Idan babu ɗaya daga cikin biyun, a sa ɗigo a jadawali maimakon layi.

Gurbin bas, karo na biyu

Daga 2004 jadawalin ya sake ɗaukar zafi. Gaines ya fita, Tracy Ferrie ya shigo, kuma wanda ya bi rassan da aka ambata zai gane dalilin zaɓensa, domin ya riga ya yi aiki da Michael Sweet a zamanin da yake waƙa shi kaɗai. Da Ferrie aka yi Reborn na 2005 a kamfanin Big3, kundin da Michael ya fara tsarawa a matsayin aikin kansa kafin ya zama na ƙungiya. Irin wannan bayani ya cancanci shiga tarihi, domin yana fayyace wa mai sauraro dalilin da ya sa sautin kundin ya yi nisa da na shekarun baya.

Sai kuma 2009, shekarar da ta fi kowace nuna amfanin shafi uku. Kundin Murder by Pride ya fito da Tracy Ferrie a kan bas, amma gangunan da ke cikinsa ba Robert Sweet ne ya kaɗa ba, shahararren makaɗin haya Kenny Aronoff ne, ko da yake Robert bai bar ƙungiyar ba. Da aka fita rangadin cika shekara 25 a ƙarshen wannan shekara, Robert ne a kan ganguna, Tim Gaines kuma ya dawo kan bas. Ma'ana, mutum biyun da suka riƙe ƙashin bayan kiɗan a faifai ba su ne suka riƙe shi a dandamali ba, a cikin shekara guda. A wannan kundi ne kuma suka sake rera wata waƙa ta ƙungiyar Boston tare da Tom Scholz yana kaɗa jita, kuma a wannan zamani Michael Sweet yana rera waƙa a Boston ɗin ba tare da ya bar Stryper ba, har zuwa 2011. Daga baya shi ma Ferrie Boston ya koma. Mamba yana iya zama a ƙungiya biyu a lokaci ɗaya, saboda haka ganin sunansa a wani wuri ba hujja ba ce ta cewa ya yi ƙaura.

Da dawowar Gaines, huɗun asali suka yi aiki tare na tsawon shekaru: The Covering a 2011, inda suka rera waƙoƙin ƙungiyoyin da suka tashi suna sauraro, irin su Black Sabbath da Judas Priest da Iron Maiden, da sabuwar waƙa ɗaya tasu, Second Coming a 2013, inda suka sake ɗaukar tsofaffin waƙoƙinsu bayan sun koma kamfanin Frontiers na Italiya, No More Hell to Pay a ƙarshen wannan shekara, da Fallen a 2015. Second Coming yana da wani abin lura ga mai jadawali, domin a cikinsa ne aka ji Gaines yana kaɗa bas a sutudiyo a kan waƙoƙin 1986 da Brad Cobb ya kaɗa tun farko, don haka waƙa ɗaya tana da makaɗin bas biyu gwargwadon kundin da aka saurara. A nan ne kuma tambayar yawan kundaye take tasowa. Wani yana ƙirga faifan farko mai waƙa shida, wani ba ya ƙirgawa. Wani yana sa kundin waƙoƙin aro da na maimaici, wani yana ware su. Kafin a rubuta cewa wannan shi ne kundi na kaza, a faɗi abin da aka ƙirga.

A 2016 sun yi rangadin cika shekara 30 da To Hell with the Devil sanye da tufafin rawaya da baƙi na da, abin da ke nufin agogon launi da aka ambata a baya yana buƙatar taka-tsantsan, domin ratsi a hoto yana iya zama na 1986 ko na 2016, sai a haɗa da duba fuska. A 2017 Gaines ya sake rabuwa da ƙungiyar. Game da dalilin irin wannan rabuwa, ƙa'idar da ba a karyawa ita ce a jingina kowace magana ga mai ita. Shi da sauran mambobin sun yi bayani a bainar jama'a, bayanan kuma ba su zo ɗaya ba, kamar yadda aka saba gani a duk inda abokan aiki na shekara talatin suka rabu. Aikin mai tarihi shi ne ya ce ƙungiya ta ce kaza, wanda ya fita ya ce kaza, ya kawo ranar da kowanne ya faɗa, ya kuma kame alƙalaminsa daga abin da ya shafi rayuwar iyali idan ba shi da alaƙa da kiɗan. Littafin tarihin rayuwar Michael Sweet da ya fito a 2014 yana da amfani ƙwarai wajen fahimtar shekarun farko, amma shi ma muryar mutum ɗaya ce daga cikin huɗu, kuma haka ya kamata a gabatar da shi.

An sanar da Perry Richardson a matsayin sabon makaɗin bas a watan Oktoban 2017. Ba baƙo ba ne a harkar, domin shi ne mai bas na ƙungiyar FireHouse a zamanin ɗaukakarta, daga baya kuma ya yi shekaru yana kiɗa da mawaƙan kantiri, wato kiɗan karkarar Amurka, irin su Craig Morgan da Trace Adkins. Tarko na ƙarshe yana nan: kundin God Damn Evil ya fito a watan Afrilun 2018, watanni bayan sanarwar, kuma Richardson ne ya fita rangadinsa, amma wanda ya kaɗa bas a faifan John O'Boyle ne. Kundin sutudiyo na farko da Richardson ya kaɗa shi ne Even the Devil Believes na 2020, sannan The Final Battle na 2022 da When We Were Kings na 2024. Shi ma God Damn Evil yana da abin rubutawa a layin gefe, domin kantunan Walmart sun ƙi sayar da shi saboda sunansa, wanda kunnen Ba'amurke yake ji kamar ashar, alhali ƙungiyar ta ce addu'a ce ta neman Allah ya la'anci mugunta.

Saura abu ɗaya da jadawalin yake buƙata, wato alamar riƙon ƙwarya. A watan Agustan 2018 Oz Fox ya yanke jiki ya faɗi yana cikin wasa a Las Vegas, likitoci suka gano ƙari a ƙwaƙwalwarsa, daga baya aka yi masa tiyata, kuma akwai wasannin da ƙungiyar ta yi ba tare da shi ba a lokacin jinya. A irin wannan yanayi ba a yanke layinsa a shafin mambobi, domin gurbin nasa ne. A shafin dandamali kaɗai ake sa alama a kan ranakun da bai hau ba, a rubuta ko an yi wasan da mutum uku ne ko wani ya riƙe masa. Bayan an gama wannan sai a koma saman takardar a bi kowane gurbi da yatsa daga 1983 zuwa ƙasa, a tabbata cewa duk inda suna ya sauya akwai takardar faifai, ko bidiyo, ko sanarwa mai kwanan wata da ta goyi bayansa, sannan a fara rubuta labarin daga shafin bas, tun da can ne aƙalla sunaye shida suka taru: Gaines, Hurich, Cobb, Ferrie, O'Boyle da Richardson, uku daga cikinsu ne kawai suka daɗe a matsayin mambobi.